Ranar da Surukina Ya Ɗaura wa Sandar Fatsa Fulogi

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kiru, ba abin da nake ɗoki a mako kamar safiyar Asabar. Da na karya kumallo sai in ɗaure jakar fatsa a bayan babur in nufi tafkin Bagauda. Jiya wani daga cikinku ya tambaye ni a nan wace irin sandar fatsa ya kamata ya saya. Na fara rubuta masa amsa sai na ji raina yana ɓaci, don tambayar ta tono min abin da na daɗe ban ba kowa labarinsa ba. Bari dai in ba ku, amsarsa tana ciki.

Wanda ya koya min fatsa da sandar zamani abokina ne, tsohon malamin gona. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma ruwa ya haɗa mu muka shaƙu. Kafin in san shi, fatsa a wurina ba ta wuce gora da zare da tana ba. Shi ya zaunar da ni ya nuna min cewa kowace sanda da nauyin ƙoton da aka yi ta dominsa, kuma a rubuce yake a jikinta, kusa da mariƙi. Siririya mai laushin baki, wadda ke lanƙwasa kamar tsumagiya, ta ƙaramin ƙoto ce, ɗan kifin roba ko ɗan ƙarfen nan mai juyawa a ruwa da muke ce wa cokali. Ita ke yi maka jifan, kai dai ka kaɗa wuyan hannu. Kakkaura mai tauri kuwa sai an rataya mata abu mai nauyi sannan take jifa. In ka sa wa kakkaura ƙaramin ƙoto, a gabanka zai faɗi. In ka sa wa siririya babba, ka kashe ta. Ya yi ta nanata min wannan har ya ishe ni, na kuma haddace.

Ni kakkaura na saya, don ni mutum ne mai dogon buri, kullum giwan ruwa nake mafarki, kullum kuma da 'yan karfasa uku nake komawa gida. Shi kuwa yana da wata siririya da wani injiniya baƙo ya bar masa tun zamanin da suka yi aikin noman rani tare. Ba ta da nauyi ko kaɗan, an rubuta a jikinta giram uku zuwa goma sha biyu.

Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Allah ya taƙaita, ya tashi, amma hannun dama bai dawo daidai ba. Ba ya iya ɗaga buta cike da ruwa, balle fartanya. Abu ɗaya ya rage masa daga rayuwarsa ta dā, wato wannan siririyar sanda. In na ɗauko shi a babur na zaunar da shi a bakin ruwa, sai ya tallafe gwiwar hannunsa da na hagu, ya ɗan kaɗa wuyan hannu, ka ga cokali ya tafi can. A ranakun nan kaɗai nake jin dariyarsa. Da ɗansa ya zo zai tafi da shi Kano a yi masa gashi a asibiti na wata uku, sai ya kira ni ya damƙa min sandar. Ya ce a gidansa jikoki za su mayar da ita dokin kara, in ajiye masa, kuma ranar da ya dawo ko gida kada in bari ya zauna, mu wuce ruwa.

Ta yi wata guda a bayan sif ɗina ba wanda ya taɓa ta. Ashe maiɗakina, a hirar da suke yi in ta je gida, ta ba mahaifinta labarin wata sandar Turawa da ke ɗakina, mai sheƙi, wadda ko ƙura ba na bari ta hau. Shi kuma surukina ya yi fatsa a ƙuruciyarsa, da gora, shekara arba'in da suka wuce, kuma a wurinsa tun daga ranar ilimin kamun kifi ya ƙare, shi ya kwashe na ƙarshe. Sai ga saƙo ta bakinta: tsofaffin abokan aikinsa uku za su zo daga birni ranar Asabar, yana so ya kai su Bagauda, in zo da sandar nan.

Na ce mata ajiya ce, ba tawa ba ce. Ta ce to in je in gaya masa da bakina.

Ku da kuka san yadda muke da surukai kun san ta gama da ni. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, in na hango shi tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa, shi zan je in ce wa a'a? Sai na yi dabarar matsorata. Na ce zan tafi da sanduna biyun, in mun je in lallaɓa in miƙa masa tawa, ta abokina kuwa ya gan ta da ido kawai. Har ina yaba wa kaina wayo a hanya.

Muka isa da hantsi. Aka shimfiɗa wa baƙi tabarma a inuwa, ni kuma na durƙusa gefe ina kwance jaka. Na haɗa kakkaurar na miƙa masa da hannu biyu. Ya juya ta, ya taɓe baki, ya ce wannan ai sandar kiwo ce, ina ta Turawan? Kafin in haɗa wata magana ya miƙa hannu ya zaro ta da kansa. Ya kaɗa ta a iska, baƙi suka yi ta santi. Daga nan ya buɗe akwatin ƙotona, ya tsallake duk ƙananan, ya ɗauko wani ƙaton kifin roba da ya kai tsawon tafin hannuna, ya ce shi ba kamun 'ya'yan kifi ya zo yi ba.

Wannan kaɗai ya ninka abin da sandar za ta iya ɗauka. Amma bai gama ba. Sai ya laluba aljihun babbar rigarsa ya fito da tsohon fulogin babur, irin wanda masu fatsa da gora ke ɗaurawa a maimakon dalma don ƙugiya ta nutse. Tun daga gida ya taho da abinsa. Ya ɗaura shi a saman ƙoton, yana yi wa baƙi bayani cewa sirrin ke nan, yaran yanzu ba su sani ba. Da ya ɗaga sandar, bakinta ya sunkuyo kamar zangarniyar gero da ta sha ruwan sama.

Na san abin da zai faru. Wallahi na sani, kamar yadda na san sunana. Lambobin nan suna nan a rubuce dab da babban yatsansa. Abin da ya iya fitowa daga bakina, kaina a ƙasa, shi ne:

"Baba, ko a gwada waccan ɗin? Kamar ta fi ƙarfi."

"Wannan ta yi," in ji shi, ko kallona bai yi ba.

Shi ke nan. Malamin makaranta, mai tsayawa gaban yara sittin yana ce musu su faɗi gaskiya komai ɗacinta, na durƙusa ina tsinkar ciyawa. Ya ja baya, ya kai sandar can bayan kafaɗa da hannu biyu yadda ake yi da gora, ya kawo ta da iyakar ƙarfinsa. Ƙarar ba ta da yawa, ƙas kawai na ji. Kusan kamu guda daga baki ta ɓalle, guntun ya bi zare ya faɗa ruwa, fulogin ya faɗi ko taku biyar bai yi ba.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce tsautsayi ne. Abin da har gobe yake ƙona min rai shi ne abin da ya biyo baya. Ya dubi abin da ya rage a hannunsa, ya yi tsaki, ya jefar da shi a kan ciyawa, ya juyo wajena a gaban mutane.

"An cuce ka, yaro. Jabu aka sayar maka. Kayan yanzu duk haka suke, sai sheƙi."

Baƙi suka yi dariya, ɗaya ya ce Allah ya kyauta. Ni kuma, Allah ya yafe min, na buɗe baki na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce a miƙo masa ɗayar. Na mayar masa da ƙoton da fulogin a kan kakkaurar da ya kira sandar kiwo, ya jefa, suka tafi can tsakiya, don dama irin nauyinta ke nan. Kafin azahar ya jawo wata tarwaɗa mai girman gaske. Sai ga shi yana gaya wa baƙi cewa shi dama tun farko wannan ya so a ba shi. Ni na ɗauki kifin na kai musu mota.

A gida na sauke fushin a inda ba a yi min laifi sosai ba. Maiɗakina ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ita fa ba ta ga abin tayar da jijiyar wuya ba, sanda ce, ba ƙafar mutum aka karya ba, kuma ina nan a wurin, me ya hana ni magana? Sai na ƙara ɗaga murya. Kwana biyu ba mu yi wata hirar kirki ba. Daga wajen surukina kuwa ba a aiko da ban haƙuri ba, ko da maiɗakina ta gaya masa cewa sandar ta ajiya ce. Abin da aka aiko min shi ne kan tarwaɗar a kwano.

Na shiga birni sau biyu ina neman irinta. Duk shagon da na shiga manyan sanduna ne masu tauri, kowa kuma rantsuwa yake ba abin da ba za ta iya ba. Da na gaji sai na kai guntun wajen wani mai gyaran rediyo, ya daidaita inda ta karye, ya liƙa mata zobe a sabon bakin. A ido ta yi kyau. Amma duk laushin a ɓangaren da ya tafi yake, abin da ya rage ya zama gajere mai tauri. Abokina yana kira a waya yana tambayar ruwa, ya cika ko ya ja baya, ina ba shi labarin komai ban da wannan. Tsoro na biyu ke nan, kuma wannan ba suruki a ciki balle in fake da kunya.

Ya dawo wata Juma'a, washegari na ɗauke shi. A hanya yana ta nuna min yadda yatsunsa suka fara motsi, ya ce likita ma ya ce kada ya bar hannun ya zauna. Na zaunar da shi inda ya saba, na ciro sandar na miƙa masa. Ya bi ta da kallo daga mariƙi zuwa baki. Na durƙusa na ba shi labari tun daga saƙon har kan tarwaɗa, ban rage komai ba. Da na gama sai ya yi min tambaya ɗaya.

"Ka nuna masa lambar?"

Na ce a'a.

Ya gyaɗa kai. Ya ce in ɗaura masa ɗan cokalinsa. Ya tallafe gwiwar hannu, ya kaɗa. Cokalin ya faɗi a cikin ciyawar bakin ruwa. Ya naɗe zare ya sake, ya faɗi a wurin. A na uku ya yunƙura da kafaɗa, na ga fuskarsa ta yamutse don zafi, cokalin bai ƙara ko taku ɗaya ba. Ya naɗe zaren a hankali, ya maƙale ƙugiyar a zobe, ya miƙo min.

"Riƙe ta. Yanzu sai mai ƙarfi."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Muka zauna har rana ta yi zafi, yana kallon masu kwale-kwale, sannan ya ce in mayar da shi gida.

Sai bayan fiye da shekara na samu wani mai zuwa ƙasashen waje ya taho min da siririya irin tasa. Na kai masa da gudu. Ya shafa ta, ya yaba, ya sa min albarka, amma a lokacin yatsun sun riga sun ƙage, ko mariƙin bai iya damƙewa ba. Ban ce rashin sandar ne ya jawo ba, ni ba likita ba ne. Na dai san shekara guda hannun nan ya yi bai da dalilin motsawa.

Har yau ina jin haushin surukina, ba zan ɓoye muku ba. Muna lafiya, ina durƙusawa in gaishe shi, shi kuma har yanzu in an taru yana ba da labarin tarwaɗarsa, kullum tana ƙara girma. Amma haushin kaina ya fi. Kunyar suruki abu ne mai kyau, da ita aka rene mu, sai dai ni na biya tawa da kayan wani, da hannun wani. Kalma biyu ce ta gagare ni, "ajiya ce", kuma da na faɗe ta a zaure tun kafin a fita, iyakaci a ce yaron nan ba shi da ta-ido, a yi kwana biyu a manta. Saboda haka kai mai tambaya, duba lambar da ke jikin sanda, ka sayi wadda ta dace da ƙoton da za ka riƙa jefawa, in kuma ka ga wani zai ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, ko waye shi, ka yi magana.

Abokina yana nan da ransa. Hanyar Bagauda ta ƙofar gidansa ta bi, kuma duk Asabar yana zaune a kan dakali. In na tsaya muka gaisa na ce ya zo mu je ko kallo ya yi, sai ya ce wani satin. Sannan ya ɗaga min hannun hagu ya ce in gaida ruwa. Nakan ce zai ji, in ja babur da sauri kafin ya ga fuskata.