Murhu a Bayan Jariri

Ina hutun makarantar koyon jinya, a gidanmu na Zango, yayata ta haihu. Bakwaini ne, ɗan mitsitsi, kuma sanyi ya sauko sosai a makon. Da hantsi na tarar da kakarmu ta ajiye ƙwaryar ruwa da soso a tsakar gida, za ta yi masa wanka a fili kamar yadda ta yi mana duka.

A zangon karatun da ya wuce aka koya mana abin da na yi kwanaki ina mafarkinsa: jariri ba ya iya rawar sanyi, amma tsakanin kafaɗunsa akwai wani kitse mai ruwan ƙasa. In sanyi ya taɓa shi, saƙo kan bi ta jijiya da jini ya ce wa kitsen nan ya kama da wuta. Bakwaini kuwa nasa kaɗan ne.

Na durƙusa na ce, "Kaka, a bar wankan nan, kitsensa zai ƙare."

Ta yi dariya har tumbinta na rawa. "Kitse? Wannan angon nawa da bai kai ɗan tsako ba? To ni mai buhu-buhunsa, me ya sa nake kwana da bargo biyu, malamar asibiti?"

"Naki rumbu ne, Kaka, ajiya kawai. Nasa murhu ne. Jini ke kai masa aike a hura."

Na kama hannunta na sa a bayansa, ƙarƙashin zani. Har yau ina ganin fuskarta, kamar mai sauraron tafasar tukunya daga nesa.

"Ikon Allah! Da ɗumi kuwa." Ta sake shafa bayan nasa. "Itacensa ne kaɗan ke nan."

Na kusa tashi sama don murna. Littattafaina duka ba su faɗe shi da kyau haka ba.

Da kanta ta kai shi ɗaki, ta kwantar da shi a ƙirjin uwarsa, ta lulluɓe su. Ruwan ya huce a ƙwarya, awaki suka shanye.

Da za ta fito ta juyo, ta dafa ƙugunta. "Ke, in kin koma ki tambayo mini. Wannan aiken da jini ke kaiwa, ba ya biyowa ta rumbu ne?"

Na ce masana ma amsar da suke nema ke nan.