Inda Hafiza Take Cewa A Tsaya

Duk wanda ya tashi a Paki ya san Malam Zakiyyu, ko da ta faɗansa ne. Manomi ne kamar kowa, masara da barkono, amma da la'asar zaurensa cike yake da magidanta masu ɗaukar karatun fiƙihu. Ni Yahya maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma na shaida mutum ne mai taurin kai. Da idonsa ya fara hazo, sai da ya shekara yana ɗora wa masu buga littafi laifi, wai sun ƙanƙance rubutu.

'Yarsa Hafiza ce kaɗai ke iya tanƙwara shi. Ta yi karatu a Zariya, ta dawo da wata tsohuwar kwamfuta. Da ta ga littafi ya gagari mahaifinta, sai ta sauke masa shi a cikin burauza, wato manhajar buɗe shafuka, ta liƙa mata wata ƙaramar manhaja mai ajiye murya a gefen kowane shafi. Ta zauna ta karance masa littafin babi-babi da bakinta. Nasa kawai ya danna maɓalli ɗaya, wanda ta manna wa guntun filasta don ya ji shi da yatsa.

Da farko ya ce shi ba ya ɗaukar karatu daga bakin ƙarfe. Ba a jima ba muka gan shi yana naɗe kwamfutar a farin ƙyalle kamar littafi, ko a ƙasa ba ya yarda a ajiye ta. A ƙarshen kowane babi muryar takan ce, "Baba, a nan za mu tsaya. Ka sha ruwa." Mu yi ta dariya, shi kuma ya ɗaure fuska ya ɗauki kofi.

Bara Hafiza ta rasu wajen haihuwa. Bayan kwanakin zaman makoki Malam ya dawo zaure, ya danna maɓallin, muryarta ta cika ɗakin kamar ba ta je ko'ina ba. Daga ranar ba wanda ya sake dariya. Ta ce ya sha ruwa, ya sha.

Tun da Hafiza ta gama aikin, kwamfutar ba ta sake shiga intanet ba, shi ya sa komai ya tsaya yadda ta bari. Caji kawai ake kai ta wurin Bashir a bakin kasuwa. Bashir magidanci ne mai ganin girman malamai, kuma a garinmu ba a mayar wa malami kayansa yadda ya kawo, sai an ƙara da wata hidima. Wata rana ya goge mata ƙura tas, ya haɗa ta da intanet ɗin wayarsa, ya sabunta duk abin da ya nemi sabuntawa. Da kansa ya kawo ta yana murna.

Malam ya danna. Shiru. Ya sake dannawa.

Bashir ya durƙusa ya karanta abin da ya fito. "Allah gafarta Malam, wai an kashe ƙaramar manhajar. Sabuwar burauzar ba ta aiki da irinta."

"Wa ya kashe ta?"

"Ba mutum ba ne, Malam. Sabuntawar da na yi ce."

"Muryar fa?"

"Ina jin tana ciki. Kaiwa gare ta ne ba hali."

Muka jira faɗa, faɗa bai zo ba. Cewa kawai ya yi, "Alheri ka nufa, Allah ya yi maka albarka." Bashir ya fita yana share ido.

Ni na kai ta Ikara wurin Sama'ila mai gyara. Ya ce zai iya gwada mayar da tsohuwar burauzar, amma bai yi alkawari ba, don a garin haka muryar na iya gogewa baki ɗaya. Ya kuma nuna mini wurin da aka rubuta a cire manhajar, ya ce kada kowa ya kuskura ya danna. Na dawo na gaya wa Malam, ya ce a bar ta haka. Raina ya ɓaci, na ce ina amfanin muryar da ba a ji, ai gara a gwada.

Ya ce, "Yahya, na binne ta sau ɗaya. Ba zan iya na biyu ba."

Har yau tausayinsa na cina.

Karatu bai tsaya ba, da ka yake bayarwa yanzu, kwamfutar na naɗe a gefensa. Jiya muka kai ƙarshen babin tsarki. Malam ya karkata kunne wajen ƙyallen. Kofin ruwa na gabansa, dukanmu mun san abin da yake jira, amma ba wanda bakinsa ya iya faɗa. Har aka kira magariba bai taɓa kofin ba.