Doguwar Igiyar da Na Zaɓa

Assalamu alaikum. A shekarun da abin nan ya faru, ni malamin allo ne a wani ƙauye na ƙasar Ajingi. Da damina ina noman gyaɗa da gero, da rani ina zaure. Ina da wata tsohuwar ƙaramar mota da na saya bayan wata kaka mai albarka, kuma ba na jin daɗinta kamar ranar da na ɗauki Malam a ciki. Malam shi ne ya koya mini karatu, ya kama hannuna ya koya mini rubutun ajami, daga baya ya ba ni 'yarsa. A lokacin yana rubuta Alƙur'ani da ka, na ƙarshe a cewarsa, ya kuma wuce rabi.

Ran nan aka gayyace shi walimar sauka a Gaya, na ɗauko shi da hantsi. Mun yi nisa da gari sai motar ta yi tari ta mutu. Na buɗe gaba na duba abin da ban sani ba, na rufe. Muna nan a gindin wata tsamiya sai ga doguwar motar masu tallan magani, irin waɗanda ke bin kasuwanni. Sun mayar da cikinta ɗaki, da katifa da risho da tulin kwalaye, nan suke ci nan suke kwana. A samanta lasifika ce tana ta zuba kirarin maganin basir da na ƙarfin maza, da kalmomin da ba a faɗa gaban suruki. Jikinta kuwa duk zane ne.

Direban, wani kakkauran mutum mai fara'a, ya sauko ya durƙusa ya gaida Malam, ya kashe lasifikar da kansa. Ya ce shi ma Gaya ya nufa, zai ja mu har gareji don neman albarka. Ya jawo wani guntun ƙarfe daga ƙarƙashin katifa, ya ce da shi ake jan mota, don yana riƙe ta baya kada ta afka wa ta gaba. Ya ce Baba ya dawo cikin tasu ya kishingiɗa, ni kaɗai in zauna a sitiyari. Har ya yi raha, wai in Baba ya ga dama a auna masa na sanyin ƙashi kyauta. Malam ya yi murmushi.

Ni kuwa zuciyata ta tafi wani wuri. Na hango mu muna shiga Gaya, malamai sun yi sahu a ƙofar gidan walima, ga Malam yana saukowa daga motar maganin maza. Na hango kuma ƙarfen nan da bai fi kamu biyu ba, wanda zai manna motata da tasu kamar tafiyarmu ɗaya. Sai na ce a'a, Malam ba zai bar mazauninsa ba, kuma a kawo igiya, mafi tsawo da suke da ita. Direban ya ja ni gefe, ya ce Malam ƙarami, motar da injinta ya mutu birkinta ma rabin matacce ne. Na ce masa na san motata. Ya dube ni, ya dubi Malam, kunya ta hana shi ja da surukin mutum a gabansa. Ya kwance igiyar da suke ɗaure kaya ya ƙulla. Duk wannan shawara a kan Malam aka yi ta, amma ban juya na tambaye shi ba, don a ganina tambayar ma raini ce.

Da farko lafiya muke tafiya. Malam ya sauke gilashi, ya ɗora hannunsa na dama a bakin taga yana jan carbi. Da muka zo wata gangara mai kwalbati a ƙasanta, shanu suka ɓullo daga gona, ta gaba ta taka birki. Na taka nawa, na ji shi kamar dutse. Na danna da dukan ƙarfina, motar ba ta saurara ba, igiya ta kwanta a ƙasa, bayan motarsu yana ta matsowa. Na karkata dama don in kauce. A daidai nan shanun suka wuce, direban ya ja gaba, igiyar ta miƙe ta fizge mu a karkace. Motar ta kife cikin kwalbatin ta ɓangaren Malam.

Ni ƙujewa kawai na yi. Da masu maganin suka taru suka ɗaga motar, hannun Malam yana ƙarƙashinta, carbin yana naɗe a yatsun. Bai yi ihu ba, salati kawai yake yi a hankali. A kan katifar nan da na hana shi hawa aka shimfiɗe shi, a cikin motar nan muka ratsa tsakiyar Gaya zuwa asibiti, kowa yana gani. Babu wanda ya yi dariya.

Likitoci sun yi iya yinsu, hannun bai tsira ba, daga gwiwa aka cire shi. Iyalina ba ta taɓa ɗaga mini murya a kan maganar ba, amma ta daɗe ba ta iya duban fuskata in an ambaci mahaifinta. Mutanen gari suka ce ƙaddara ce, na kuma yi imani da ƙaddara. Sai dai Malam da kansa ya karantar da mu cewa ana ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali.

Bayan ya dawo gida, wata rana ina gyara masa rawani, ya tambaye ni dalilin da ya sa na ƙi ƙarfen. Na faɗa masa gaskiya. Sai ya ce ɗana, da ka tambaye ni da na shiga, ai bayana ma ciwo yake ranar, katifar nake ta kallo. Ya ce mutumin da ya durƙusa ya gaishe ka, motarsa ba ta rage maka komai. Bai ƙara tayar da zancen ba har Allah Ya karɓi abinsa.

Shi ya sa nake kira ga 'yan'uwa masu abin hawa. In mota ta mutu, a ja ta da ƙarfe ko a ɗora ta a kan babba, kada a bar kowa a ciki sai mai riƙe sitiyari, a kuma ji maganar wanda hanya ce sana'arsa. Wanda za ka girmama, ka fara tambayarsa abin da yake so, don sau da yawa idon mutane muke yi wa hidima muna cewa shi muke yi wa. Alƙur'anin nan yana cikin gafakarsa a zaurena. Ya bar mini wasiyya in ƙarasa, ina kuma yi a hankali, amma duk wanda ya buɗe yana gane shafin da hannu ya sauya. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mana.