Harbin Fari Na Kaka Ne

Jiya a Gorton na wuce wani gareji, warin man inji ya buge ni, sai ga ni ina 'yar shekara tara a unguwar Aston, nan Ingila.

Lokacin ne ƙaramar hukuma ta rage ma'aikata, Baba da digirinsa na injiniya ya zauna a gida wata bakwai. Da ƙyar ya samu aiki wurin wani tsohon Bature mai lasin gyaran bindigogin farauta. A hunturun nan aka kawo Kaka, mahaifin Baba, don a yi masa aikin ido. Maƙeri ne, ya shekara arba'in yana ƙera wa mafarauta bindigar toka, kuma yatsu uku ne kacal a hannunsa na dama.

Wata Asabar Baba ya kai mu shagon. Yana sassaƙa wani ɗan ƙarfe mai huji-huji da za a ɗaura a bakin bindiga, don ta rage tokarin kafaɗa. Injin na juyawa, ɓawon ƙarfe na zubowa kamar taliya. Baba ya auna, ya sake aunawa, ya murɗa shi ya zauna daram. Kaka ya shafa da babban yatsa.

Ka san a maƙerarsu, wanda ya taɓa bakin bindiga shi ke fara harba ta, don in za ta fashe, ta fashe a hannunsa. Haka yatsun Kaka suka tafi. Tun daga Asabar ɗin nan ya daina cin abincin kirki. Mama ta yi tuwo, ta yi miyar kuka, a banza.

Ran Alhamis Kaka ya ce, "Ni zan fara harba ta."

Ran Baba ya ɓaci. "Wato ba ka yarda da aikina ba?"

"Aikinka ya fi nawa. Amma hannuna ya gama amfani, naka kuwa mutum shida ke ci daga gare shi."

A ƙasar nan akwai gidan gwaji inda ake harba bindiga ba hannun kowa a kai, kuma ta Baba ta riga ta je ta dawo da hatimi. Bai faɗa ba. Ya roƙi Baturen, suka tafi filin harbi, Kaka ya yi bisimilla, ya tura ɗansa baya da gwiwar hannu, ya harba. Da suka dawo sai da ya cinye malmala uku, yana ta yi wa Mama tsiya wai gishiri ya yi kaɗan.

Yanzu kwamfuta ke yanka irin ƙarfen nan, shagon ma ya zama wurin aski. Kaka ya rasu a gida Najeriya, yana ba jikoki labarin ranar da ya tare wa ɗansa wuta a Ingila. Ni kaina sai bayan sadakar bakwai Baba ya gaya mini zancen gidan gwajin. Na ce me ya hana shi faɗa tun lokacin.

Ya ce, "Tun da na bar gida ban roƙe shi komai ba. Abu ɗaya ya rage masa da zai ba ni, sai in ƙi karɓa?"