Hular da Na Ɓoye a Jos

Ana idar da sallar asuba muka ɗau hanya daga Tungan Maje, ni da maƙwabcina na shago, a motarsa. Shekara goma sha huɗu ina sayar da rodi da siminti, shi yana sayar da fenti a jikin bangona. Kirista ne, ɗan Filato. Mahaifiyarsa ce ta rasu a Jos, ni kuwa ba na yi wa mutum irinsa ta'aziyya ta waya.

Hanya sumul har Keffi, daga nan ramuka suka fara gaishe mu. A Akwanga muka karya da doya da ƙwai. Da mai abincin ta faɗi kuɗi, sai da na tambaye ta ko har da kazar.

Muna gama Hawan Kibo abokina ya rage gudu. "Alhaji, kada ka ji haushi. Unguwarmu ba a shiga da hula."

Na san Jos ta rabu tun rigingimun baya, kowa ya koma cikin nasa, har mai keke yakan sauke ka a bakin gada ya ce nan ce iyakarsa. Amma gani ya kori ji. Ni ɗan kasuwa ne, ba na musu da ɗan gari. Na tura hular ƙarƙashin kujera, na ɗora rigar sanyinsa a kan kaftanina. A bakin unguwar samari suka leƙo, suka ga ɗan gida, suka ɗaga mana hannu. Muka wuce.

Mahaifin abokina ya haura tamanin, kuma ya san ni, don a gidana ya sauka lokacin da ya zo asibiti a Gwagwalada. Na durƙusa zan yi gaisuwa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ɗana, ina hularka? A gidana ma sai ka ɓoye kanka?"

Hausarsa ta fi tawa. Ya ce a unguwar Hausawa aka haife shi, ubansa na haƙar kuza. Turawa ne suka fara zaunar da mutane kowa da barikinsa, amma sun tafi tun yana saurayi. Gidan da muke ciki ma musanya ya yi da wani Bahaushe bayan an ƙona layinsu. "Mai shingen ya tafi," in ji shi, "mu ne muka ƙara masa ƙaya."

Ya dage ba zai karɓi gaisuwata ba sai da hula. Ɗansa ya ce, "Baba, so kake a ga hula a fasa min gilashin mota?" Suna ta musu a kaina, ni ina durƙushe. A ƙarshe aka shigo da ita cikin leda. Na sa a falo, na cire a bakin ƙofa.

Washegari muka biya ɓangaren Hausawa sayen dankali. Kafin mu fito daga mota abokina ya buɗe aljihun gaba, ya zaro wata hula zanna, ya kafa ta tsaf. "Tawa ce," ya ce, "ta wannan gefen."

Bayan la'asar muka iso gida lafiya. Jabun rodi da ido nake gane shi, amma wannan tafiya ta nuna min akwai abin da idona bai kai ba: har yau ban san wa ya yi daidai ba, tsohon ko ɗansa. Da safe muka buɗe shago, abokina ya miƙo min shayi kamar kullum, kansa ba komai, nawa da hula.