Sun Shirya Kansu

Ɗana ne na fari, don haka shekara ashirin da huɗu ban taɓa kiran sunansa ba. "Kai" nake ce masa. Yau zan rubuta: Maharazu.

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, 1986, ƙarfe shida na safe ya dawo daga masallaci ya zauna a zaure da littafin rubutunsa. Aikinsa buɗe ƙofar ruwa a magudanar da ke shayar da gonakin yammacin Bunkure. Wata takwas ke nan yana koyon Sifaniyanci daga wani tsohon littafi da rediyo, domin an kira shi ganawa a Kano ranar Litinin mai zuwa: za a zaɓi mutum uku su je Kuba karatun noman rani. Takardar gayyatar tana tsakiyar littafin.

Ƙarfe bakwai na fito zan tafi sakandaren da nake koyarwa, ya nuna mini shafin.

"Baba, duba ka gani. Mu 'na shirya' kawai muke cewa. Su sai sun ce 'na shirya kaina'. Me preparé. Te preparaste, ka shirya kanka. Se preparó, ya shirya kansa. Nos preparamos, mun shirya kanmu."

"Saura ɗaya," na ce. Digiri gare ni a nahawu, kuma iyakar abin da na samu na faɗa masa ke nan.

"Sai na dawo zan cike."

Ƙarfe tara ƙanena Sada, mai gonar tumatir eka huɗu, ya same shi a bakin ƙofar magudanar yana neman ruwa a ranar da ba tasa ba. Cornelius, abokin aikin ɗana, shi ya ba ni labari. Sada ne ya fara jin preparé ta katanga, ya laƙaba masa Malam Firfare, gari ya ɗauka.

"Malam Firfare! Kai da za ka Kuba, ina ruwanka da ruwan Bunkure? Allah ya shirye ka."

"Amin, Baffa. Amma ranarka Alhamis ce."

Ƙarfe goma sha biyu ya dawo ya ci abinci, ya karɓo farin kaftaninsa daga mai guga, ya rataye a ƙusa don Litinin. Ƙarfe biyu ya koma. Ciyawa ta toshe bakin ƙofar, ya sauka ya cire kamar yadda ya saba. Simintin gefen duk gansakuka ne. Ƙarfe huɗu da rabi Cornelius ya fito da gawarsa daga ruwa a gada ta biyu.

Kafin magariba aka shirya shi. Allah ya yafe mini, ina tsaye a wurin na lura cewa wannan karon babu "kansa" a jimlar.

Masu ta'aziyya suka cika ƙofar gida. Bakunan da suka shafe wata takwas suna kiran Firfare su ne suka riƙa cewa tun yana ƙarami suka san zai yi nisa. Na gode musu ɗaya bayan ɗaya.

Ranar sadakar uku Sada ya zo cikin babbar riga da ta sha sitaci, tare da ɗansa Hambali, shi ma fes. Ya jira mutane suka ragu.

"Yaya, takardar nan na ji an ce babu hoto a jikinta. Kada gurbin ya tafi a banza. Hambali da marigayi ai jini ɗaya ne, har kama suke yi."

Na dubi Hambali. "Ka shirya?"

"Na shirya, Baba."

"To faɗa mini da Sifaniyanci."

Ya dubi ubansa, ya sosa ƙeya. "Firfare?"

Shi ya fara dariya, Sada ya taya shi kaɗan, sai suka ga ban yi ba.

"Sada," na ce, "ranarka Alhamis ce. Yau Alhamis. Je ka ba tumatirinka ruwa."

Ranar Litinin na kai takardar Kano da hannuna, domin a kira wanda ke biye a jerin. Magatakardan bai ɗago kai ba, ya ce ƙa'ida ita ce mai takarda ya zo da kansa ya janye. Na ajiye masa ita a kan tebur, na ce ya jira shi.

Kayansa ba su da yawa. Rediyon tana wurin mahaifiyarsa Hawwa, ba ta kunna ta. Keken na ba Cornelius. Kaftanin na ba ladanin unguwa, da ninkin gugarsa. Sada ya aiko ko akwai tsofaffin takardu da zai ƙunshe irin albasa. Na aika masa jarida.

Littafin yana wurina. Na duba tsohon littafin da yake koyo da shi, na samo layin da ya rage, na cike da jan biron da nake gyara aikin ɗalibai. Se prepararon. Sun shirya kansu.