Inna Dije ta Dauran, wadda ta kau da wuta don Safwan

Kullum in ta sallame asuba, kahin ta taɓa itace, Inna Dije sai ta ɗebi ƙaiƙayi ta watsa sama, ta tsaya ta ga inda iska ke kai shi. Sannan ta zaɓi wurin hura wuta. Shekara arba'in tana yi ma masu jego wanka nan garinmu Dauran, ba ta taɓa kula da iska ba sai kan ɗana Safwan.

Jama'a, Safwan bakwaini ne, wata bakwan ma bai cika ba. Anka sa shi kwalba a asibitin birni, na'ura na hura mishi numhwashi mako da mako. Ita ta tsirar da shi da ikon Allah, amma likita yac ce ta bar mishi tabo ga huhu, don huhun bai nuna ba anka sa shi aiki. Ranar sallama yac ce mani, "Nusaiba, hayaƙi da mura su ne abokan gabanshi. In ƙirjin ya tashi, na'ura za ya koma." Ga hanyar Zurmi da muke bi zuwa birni kun san yadda take, ba kullum take biyuwa ba.

Muna isowa gida tsohhi sunka ce ban yi wankan jego ba, sai an rama. Anka kira Inna Dije, anka girke tukunya ƙohwar ɗakina. Ni kunya ta hana ni magana, sai hawaye. Tac ce, "Ke 'yar nema, mi ya hwaru?" Na gaya mata abin da likita yac ce, ina jiran ta ce mani likita bai taɓa haihuwa ba. Wallahi ba haka anka yi ba. Ta ɗauki yaron ta kara kunne ga ƙirjinshi, ta daɗe, sannan tac ce, "A ɗauke tukunyar ga."

Bayan rumbuna ta mai da wutarta, wata rana ma gidan maƙwabta in iska ya juya. Ta riƙa jido ruwan zahi bokiti-bokiti, ga ciwon gwiwa, kwana arba'in cur, sahe da marece. Zanen da ta hura wuta da shi ba ta shiga ɗakina da shi, sai ta sake wani. Duk unguwa sun gani.

'Yan barka kuwa sun sha ta. Ta aje kujerarta bakin ƙohwa. Gwaggo Asiya, ƙanwar baban mijina, ta zo tun daga Birnin Tsaba da kaskon turaren wuta, tana ɗan tari.

"Dije, matsa in ga mijina."

"Mijin naki yac ce ki leƙo ta taga."

"Au, yanzu ke ce likitar?"

"A'a, ni ce mai gadi. Kai kaskonki waje, Asiya, in tarin ya bari ki dawo ki goya shi."

Gwaggo ta yi hushi har mako biyu. Inna Dije ko a jikinta.

Inna, ke ce uwar masu jego. Kin hi kowa sanin wuta, amma kinka saurari yarinya sa'ar jikarki. Da kin ce haka kinka gada, wa za ya musa miki?

To ga albishir! Jiya munka koma awo. Anka maƙala mishi abin nan na awon numhwashi ga ɗan yatsan ƙahwa, likita ya duba ya sake dubawa, yac ce numhwashin ya yi kyau, wata shida ba kwanciya asibiti ko sau guda. Tabon bai tahi duka ba, za mu ci gaba da kiyayewa, amma huhun na girma. Da anka aza shi kan sikeli ya tsala ihu har mata na toshe kunne, ni ko dariya nike ina cewa ku bar shi ya yi!

Inna Dije tac ce daga kaina ta aje aiki, gwiwa ta ƙi. Ba ta karatun boko, don Allah wanda ya ga wanga rubutu ya tahi ya karanta mata da ƙarhi. Inna, na gode, baban Safwan ya gode, Allah Ya biya ki da Aljanna.

Ku kuma mata 'yan uwana, in kunka ji an sallamo bakwaini, ku yi koyi da ita. Tsohuwar da ta shekara arba'in bakin murhu ta ɗauke wutarta don jinjiri guda. Kaskon turare dai bai kai tukunyar wanka nauyi ba.